Ƙwaya Uku a Kan Miskali

Ku da kuke ɗora zobe a kan sikelin batir lamba ta fito, sannan ku ɗaga kai ku ga ma'aunina a rataye ku yi dariya, ku matso kusa. Jiya wani a cikinku ya ce wai faranti biyu ne da zare, ko shi ma ya haɗa irinsa kafin azahar. Ban tanka masa ba don ina cin goro. Yau bakina babu komai, sai ku zauna.

Sunana Habu, a Mandawari aka haife ni. Shekara goma sha ɗaya na yi a gaban kawuna Malam Bukar na Soron Ɗinki ina koyon ƙirar ma'aunin zinariya. Kakanninsa daga Barno suka zo da sana'ar, rumfarsa kuwa tana Kurmi, a layin maƙeran fari. Mutum ne mara yawan magana. Idan ka yi daidai ba ya cewa komai, idan ka yi kuskure ma ba ya cewa komai, sai dai ka ga aikinka ya koma cikin kasko yana narkewa.

Sandar ma'auni ta farko da na ƙera, sau bakwai tana komawa kasko. Kafin nan shekara biyu na yi ina zuga, ina tsince gawayi, ba a ba ni magagarin goge ƙarfe ba ko sau ɗaya. Sandar ba ta fi taƙi ɗaya ba, ta gaci ce, wato tagulla, za ka goge ta har hannu biyun su zama ɗaya, ka ɗora ta a kaifin wuƙa ka nemo tsakiyarta, sannan ka huda. Idan hujin ya kauce da kaurin gashi, shi ke nan, ma'aunin zai yi ta ƙarya har ranar da za a jefar da shi. Farantan biyu daga falle ɗaya ake yanko su. Zaren alharini daga tsawo ɗaya ake raba shi, kuma ba a lasarsa da yawu don a zura shi a huji, saboda yawun ma nauyi ne. In za ka yi awo, sai ka kau da bakinka gefe. Na taɓa yin atishawa a kan garin zinariyar wani Balarabe, yini guda muka yi muna share tabarma da gashin kaza.

Masu sayen kayanmu ba su da yawa amma ba sa yafiya. Akwai maƙeran zinariya, da masu turare da ke auna miski, da masu magani, sai kuma dillalai tsofaffin mata masu shiga gidaje da 'yan kunne da warwaro. Waɗannan su ne alƙalan sana'ar. Dillaliya in ta ce ma'auninka yana cin kaya, kafin la'asar an ji a Soron Ɗinki.

To, ma'auni rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne miskali, ɗan dunƙulen gacin da ake ɗorawa a faranti guda, a zuba zinariya a ɗayan. A gidanmu ba a kwaikwayon miskali daga wani miskali. Kawu yana cewa ƙarfe yana cinyewa, hannu yana shafe shi, gumi yana lasarsa, wanda ya shekara goma a aljihu ba shi ne aka ƙera ba. Da idon zakara muke daidaitawa, ƴar ƙwayar nan ja mai baƙin kai, guda arba'in miskali ɗaya. Amma da sharaɗi, sai ƙwayar da ta shekara uku a rataye cikin ƙoƙo a jikin azara ta bushe ƙayau. Ƙwayar bana ba ta awo. Wannan na san shi kamar sunana, ku riƙe wannan, don kada ku ce jahilci ne ya kai ni.

Shekarar da ta fi kowacce muni a wurina ita ce wadda kawu ya rasu, ana saura kaɗan Arewa ta karɓi mulkin kanta. Da bazara muka binne shi. Damina ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, soron gidansa ya rufta, ƙoƙon idon zakara ya kwana uku a ƙarƙashin laka, da muka tono shi duk sun kumbura sun ruɓe. Ga kantuna a bayan ganuwa sun fara kawo ƙananan sikeli na Turai a cikin akwati mai ƙyalli. Ga rabin mazan layinmu sun kulle rumfa sun tafi neman zinariya a Tungar Baƙi. Sai in yini a rumfa ban taɓa magagari ba, ina korar ƙuda.

Bari in gaya muku Tungar Baƙi, don ba ku san ta da wannan sunan ba. Can cikin daji take, yamma da Zariya. Wani Bature ne ya kafa bariki a bakin rafi tun kafin yaƙin duniya, ya tara leburori daga ko'ina suna haƙar masa zinariya. Da ta ja baya sai ya kwashe nasa ya bar su da tsatsattsen inji. Su kuwa ba su da kuɗin komawa gida, wasu ma ba su da gidan komawa, sai suka yi bukkoki suka kama noma. Shekaru suka wuce, wata ambaliya ta sauya wa rafin hanya, mata masu wanki suka ga abu yana ƙyalli a yashi. Kafin shekara ta zagayo bukka goma ta zama gari, da kasuwa da mahauta da teloli. Hausawa, Gwarawa, Zabarmawa, Barebari, Yarbawa, kowa da ƙwaryarsa a cikin ruwa. Har mai wankin hula na layinmu ya tafi, mutumin da ko rijiya bai taɓa leƙawa ba.

Dagacin da ya fi kusa da su tafiyar yini ce, kuma bai san da zamansu ba sai lokacin haraji. Don haka suka zauna da kansu, kowace ƙabila ta ba da dattijo ɗaya, suka ɗora Baba Audu a gaba, wani Bazabarme da ya shugabanci leburori tun zamanin Baturen. Mata masu wankin yashi su ma suka ce sai an sa tasu, aka sa Inna Ladi, Bagwariya. Abin da ya fi damunsu shi ne awo. Masu sayen zinariya kowa da miskalinsa yake zuwa, wani an cusa masa dalma a ciki, kullum faɗa, har an fasa wa wani kai. Hukuncin farko da dattawan suka yanke shi ne, miskali ɗaya ga kowa, na gari ne ba na mai saye ba, kuma daga Kano za a ƙero shi, a gidan Malam Bukar.

Ranar da Baba Audu ya tsaya a bakin rumfata ruwa ake yi. Dogo ne, ya tsufa, da tabon diga a ƙafa. Ya yi mini ta'aziyyar kawu, sannan ya ce ma'auni talatin yake so da miskalinsu, nan da mako biyu, don motar da za ta koma ba ta jira. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Na ce masa an gama, tun kafin in tuna ba ni da ƙwayar awo ko ɗaya.

Na zaga Kurmi wajen masu magani. Wanda na samu da ita ya gaya mini gaskiya, ya ce daga kudu aka kawo, kwanan nan aka ɓare ta. Na ce ba komai, in na shanya ta mako guda ta yi. Ina rana a tsakiyar damina? Kwana biyu ta gani, shi ma rabi-rabi. Na ƙirga arba'in na zuba a faranti, sai zuciyata ta ce in gwada da tsohon miskalin kawu da ke cikin batta. Na ɗora, ƙwayar ta rinjaye shi a fili. Kun ga, Allah ya nuna mini. Amma me na ce? Na ce ai ga maganar kawu nan ta fito, ƙarfe ya cinye. Na ɗauki karatun da aka ba ni don in tsira na rufe idona da shi. Na mayar da miskalin kawu batta, na zuba gaci talatin da ɗaya a kan nauyin ɗanyar ƙwaya, ɗaya na ajiye wa kaina.

Aikin kuwa ya yi kyau, ba yabon kai ba. Duk talatin ɗin ka musanya wannan da wancan, harshen ma'auni, ɗan tsinken nan na tsakiyar sanda, ba ya motsi. Labari ya riƙa zuwa daga Tunga cewa faɗa ya mutu, masu saye da suka yi ta gunaguni da farko sun yi shiru cikin wata guda. Na ji daɗi, ban tambayi kaina abin da ya rufe musu baki da wuri haka ba. Sunana ya tashi a layi, aiki ya dawo, na gyara soron kawu.

Wata takwas bayan haka, ana tsakiyar zafi, wata dillaliya ta kawo warwaron da aka auna mata a Makka miskali biyu. A wurina ya kasa. Ta ce ma'aunina yana ci. Raina ya ɓaci, na ce Hajiya zauna ki gani da idonki. Na sauko da ƙwayar nan da na yi aikin Tunga da ita, wadda yanzu ta bushe, na ƙirga arba'in a gabanta, na ɗora miskalina. Farantin ƙwaya ya tsaya a sama. Na ƙara ɗaya, bai sauko ba. Na ƙara ta biyu. Sai a ta uku harshe ya miƙe. Na ce mata zaren ne ya jiƙa, ta dawo gobe. Ta dube ni, ta dubi ranar da ake ƙwallawa, ta naɗe kayanta ta tafi.

Tana fita na ɗauko miskalin kawu na gwada, arba'in cif. Ma'anarsa, duk wanda ya sayar da miskali ɗaya a Tunga cikin wata takwas, nauyin arba'in da uku ya zuba aka biya shi na arba'in. Masu saye sun sani tun awon farko da suka sake a birni, shi ya sa suka yi shiru. Dattawan nan sun kori ɓarayin awo, sun zo Kano neman gaskiya, ni na ƙera musu ɓarawo talatin masu kai ɗaya.

Miskalin da na ajiye wa kaina na goge shi a ranar, ba wanda ya gani. Sauran kuwa na yi shiru, mako uku. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Lokacin ko'ina ka zauna maganar mulkin kai ake yi, a zaure, a bakin masallaci, wajen mai shayi. Samari suna murna, wasu dattawa suna cewa Bature yana juya baya za mu cinye juna, ko mudu ba za mu iya daidaitawa ba. Duk sanda na ji haka sai in sunkuyar da kai, kamar da ni ake.

Sai ga Baba Audu ya dawo, wannan karon da Inna Ladi, gajeriyar mace, hannayenta duk sun tsattsage don zama a ruwa. Fuskarsa cike da fara'a. Ya ce gari ya ninka, sun haƙa rijiya biyu, sun yi rumfar karatu, kuma sun kai kuka wurin hakimi a ba su dagacinsu. Da aka turo mutane dubawa, ma'aunan nan aka fara nuna musu. Ashirin yake so ƙari, irin na farko sak.

Kun ga inda na tsaya. In na ƙera daidai, awo ya zama biyu a Tunga, faɗa ya dawo. In na ƙera irin na farko, na ci gaba da sata da sanina. In na faɗa, sunan gidan Malam Bukar ya zube, kuma mutumin nan da ya yarda da ni zai koma ya gaya wa jama'arsa cewa hukuncinsu na farko cuta ne, a daidai lokacin da suke roƙon a yarda sun isa su riƙe kansu.

Ban iya jawabi ba. Na ce ya ba ni miskalin da ya zo da shi, na ɗora, na ƙirga ƙwaya a gabansu da ƙarfi. Da na wuce arba'in Baba Audu ya daina murmushi. Na gaya musu komai, har gwajin da na yi da na kawu na ƙi gani.

A hankali Baba Audu ya tambaya ko wani ya sani. Na ce masu saye kaɗai. Sai ya fara lissafin yadda za a yi, a riƙa kawo su biyar-biyar da sunan wanki, in goge, a mayar, ba wanda zai ji. Ba mugu ba ne, garinsa yake ji wa. Ni kuwa har na fara gyaɗa kai.

Inna Ladi ta miƙa hannu ta tsinci ƙwaya ukun nan daga faranti ta riƙe a tafinta.

Ta ce, "Malam, ka san nawa ne wannan?"

Na ce ƙwaya uku ne, Inna.

Ta ce, "Wuni ɗaya ne. In rafi ya yi kirki, tun fitowar rana har faɗuwarta ina tsugune a ruwa, abin da nake samu ke nan. Kowane miskali na ba su wuni ɗaya kyauta." Ta juya wurin Baba Audu. "Mu muka ɗora ku, ba hakimi ba. In an cuce mu, a gaya mana a kasuwa da rana. In kun ɓoye wannan, gobe me za ku ɓoye?"

Baba Audu ya shafa fuskarsa, ya ce in an faɗa ƙila su sauke shi. Ta ce ƙila. Suka tashi ba su ba ni aikin ashirin ɗin ba, ba su kuma zage ni ba, wanda ya fi mini ciwo.

Abin da ya faru can, mai wankin hular nan ne ya ba ni labari da ya dawo. Ranar kasuwa Baba Audu ya hau kan turmi ya faɗa da bakinsa. Aka yi ta hayaniya har la'asar, masu saye biyu suka sulale suka bar garin. Wasu suka ce a koma wa sikelin kanti, wasu suka ce a sauke dattawan duka. A ƙarshe jama'a suka bar shi a kujerarsa saboda shi ya faɗa, amma suka karɓe ma'aunan daga hannunsa suka damƙa wa Inna Ladi. Suka kuma sa doka, kowace shekara in zafi ya tsaya, a fito da kowane miskali a gwada shi da ƙwaya a tsakiyar kasuwa, kowa yana kallo. Dagacin ma sun samu, ko da yake sai bayan shekara biyu. Zinariyar ta ƙare tuntuni, garin yana nan, har da asibiti.

A Kurmi kuwa labari ya riga ni zuwa masallaci. Habu Arba'in da Uku, sunan da aka sa mini ke nan, akwai tsofaffin da har suka mutu da shi suke kirana. Wasu masu turare suka ɗauke ƙafa. Dillaliyar nan ta dawo ta yi mini tatas a gaban layi, ta kuma ci gaba da kawo mini awonta, ta ce gara wanda aka riga aka kama.

Bayan wata guda Inna Ladi ta sauka daga mota da ƙwarya a ka, miskali talatin a ciki, da wani tsohon ƙullin idon zakara na uwarta wanda ya fi shekara goma. Ta ce jama'a sun ce wanda ya ɓata shi zai gyara, ashirin ɗin ma ni zan yi, amma a gabanta. Muka gwada ƙwayarta da miskalin kawu, suka tsaya daidai. Kwana biyar ta yi a bakin rumfata a kan ɗan buhu. Maƙwabta suna ta tsokana wai na samu sabon maigida. Gaskiyarsu ne. Ni ina goga, ita tana ƙirga arba'in da yatsanta, in na ce ya yi sai ta ce in sake ɗorawa, ta kau da bakinta gefe kamar wadda ta shekara a sana'ar.

Ranar ta biyar da hantsi na gama na ƙarshe. Sai ta kwance bakin zaninta ta fito da ƴar kwalbar turare, da garin zinariya a ciki. Ta ce kafin ta taso ta auna shi a Tunga da miskalin nan nawa tun ban goge shi ba, miskali ɗaya ne daidai, tana so ta gani. Na ba ta ma'aunin ta riƙe da kanta. Ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana buga kwalbar da farce, har harshe ya miƙe. Ta ɗaga kwalbar wajen haske. Akwai saura a gindinta, ɗan kaɗan, ba zai rufe ƙwayar gero biyar ba.

Ta daɗe tana kallonsa. Ni dai kunya ta hana ni ɗaga kai sosai, ina ta share magagari da ba shi da datti. Ta toshe kwalbar, ta ƙulle ta a bakin zani, ta ja ƙullin da haƙori.

Ta ce, "Wannan wunin nawa ne, Malam. Yau da shi zan koma gida."